Rauta a kan dogo: wa ya taɓa daidaita babban falankin iroko da ita?

Kafintan Agege:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema. Na samu aikin teburin cin abinci, kwastoman yace shi falanki ɗaya yakeso ba haɗi, da gefensa yadda Allah ya halicce shi, irin wanda ake yayi yanzu a gidajen Lekki da Ikoyi. Na samo iroko, tsawo ƙafa 7, faɗi inci 38 a inda yafi faɗi, kauri inci 3. Matsalar itace babu injin filenin ɗin, wato injin share katako da daidaita kaurinsa, da zai haɗiye shi, duk wanda na gani bakinsa bai wuce inci 24 ba, kuma falankin ya ɗan murɗe, in ka kwantar dashi a ƙasa kusurwa ɗaya tana tashi. Naga a bidiyo ana ɗora rauta, injin nan na lantarki mai baki yana juyawa da ake sassaƙa katako dashi, a kan wata gada tana zamewa a kan dogaye biyu har a share fuskar katakon gaba ɗaya. Akwai wanda ya taɓa haɗa irinta anan Legas? Da me ake haɗawa, kuma wace rauta ce zata iya?

Mai Walda Owode:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na haɗa wa mutane irinta kuma ba wani abin wahala bane. Dogaye biyu zaka shimfiɗa hagu da damar katakon kamar layin jirgin ƙasa, su fi shi tsawo da kamar ƙafa ɗaya ta kowane ɓangare, su kuma ɗan fi shi tudu. Sai gada da zata haye su, tsakiyarta a buɗe, rautar ta zauna a ciki tana kai da komo bakinta na leƙowa ƙasa. Ka tura ta ƙetare faɗin katakon, ka matsar da gadar kaɗan, ka sake turawa, haka har ka kai ƙarshe. Bakin rautar ba katakon yake bi ba, dogon yake bi, shi yasa duk tudun da ya tarar sai ya cinye shi, kwari kuma ya wuce ta samansa har sai an zo daidai dashi. Kuma bari in faɗa maka, ko ka samu injin filenin mai inci 40 ba lallai ya cire maka murɗewar nan ba, saboda shi kauri yake daidaitawa, rola ta danne katakon ya wuce, ya fito da santsi amma da murɗewarsa. Ni da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu nake yin dogon, mai kaurin jiki, gadar kuma ƙarfen angul biyu suna fuskantar juna. Duk akwai su anan Owode Onirin, amma in zaka saya ka ɗaga kowane bututu ka kalle shi da ido ɗaya daga wannan kai zuwa wancan, da yawa suna da lanƙwasa tun daga inda aka jibge su.

Kafintan Agege:
Ngd sosai oga. To walda za'ayi musu ko noti?

Mai Walda Owode:
Dogon kar a yi masa doguwar walda, zafi yana jan ƙarfe ya karkace. Noti yafi, in ya kauce ka kwance ka gyara, kuma in ka gama aiki ka kwance ka jingina a bango tunda duk mun san yadda shago yake a garin nan, wurin tsayuwa ma da kyar. Gadar ce kawai nake ɗan ɗiga mata walda a ƙarshenta biyu.

Baba Mai Filen:
Salamu alaikum. Ɗana na Agege na karanta tambayarka. Mu da muka koyi aikin nan filen hannu muka tarar, da shi aka daidaita ƙofofi da teburan da har yau suna nan a tsofaffin gidajen Ebute Metta da Yaba. Ka ɗora sanduna biyu miƙaƙƙu a kan katakon, ɗaya a kai ɗaya a gindi, ka sunkuya ka hango su, nan take zaka ga inda ya murɗe. Ka ɗauki jakfilen, wato filen ɗin sharar farko, ka bi tudun a karkace, ka sake hangowa. Ba wuta, ba mai, ba ƙara, kuma abinda yake fita ɓawo ne da zaka share da tsintsiya, ba garin da zai shige maka ƙirji ba. Abinda yake damuna shine yaran yanzu basa iya wasa bakin filen, ranar da babu wuta sai a zauna a kan benci ana danna waya. Ban hana ka injinka ba amma ka sani akwai hanyar da ta riga shi.

Ɗan Obalende:
Baba Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma iroko fa ake magana mai inci 38. Zaren iroko a sarƙe yake, wani layin ya tafi nan wani ya dawo can, ka tura filen ta nan yayi kyau ka matsa inci biyu ya ɓantare maka tsoka. Ga kuma dutsen nan fari da ake samu a cikinsa, kana cikin tafiya kaji ƙas, baki ya tafi sai wasi. Wanda ya kai shekarunka a sana'a zai iya, amma yaron nan in ya kama da hannu wallahi sai ya tsani aikin, kuma kwastoman Legas baya jira.

Baba Mai Filen:
Dutsen da ya ci bakin filen shi zai ci bakin rautar ma ɗana, sai dai nawa zan wasa shi a dutse in ci gaba, naku kuma sai an koma kasuwa.

Ɗan Obalende:
Wannan kam haka ne Baba. Sai dai akwai bakin da ake sauya masa ƴan wuƙaƙen kabaid masu gefe huɗu, in gefe ɗaya ya dakushe ka kwance ɗan sukurun ka juya shi. Yafi tsada a farko amma shi nake ba kowa shawara in dai iroko ko apa zai dinga ci.

Injiniya Ketu:
Bari in shigo ta ɓangaren rautar tunda ita aka tambaya ba'a amsa ba. Ƙaramar rautar nan ta gyaran gefe da ake riƙewa da hannu ɗaya, mai wat 500 zuwa 700, ka cire ta a lissafi, kolet ɗinta, wato abin da ke riƙe ƙafar baki, kwatan inci ne kuma gudunta yana kai juyi 30,000 a minti, ba'a yi ta dan wannan aikin ba. Kana buƙatar babba mai kolet rabin inci, wat 1,600 zuwa sama, kuma mafi muhimmanci wadda ake rage mata gudu. Misali Makita 3612 da ta cika shagunan mu gudu ɗaya gareta, wajen 22,000, ita kuma 3612C tana da ɗan kewayen da ake murzawa a rage. Dalilin da nake nanata wannan, bakin share fuska mai faɗin inci 2 in yana juyi 22,000 gefensa yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Irin wannan bakin kar ya wuce 18,000, ni 16,000 nake sawa, kuma a duba jikin kwalinsa akwai iyakar da aka rubuta. In rautarka mai gudu ɗaya ce to ka haƙura da babban baki ka sa mai inci 1, zaka daɗe amma zaka koma gida da idonka biyu.
Sai abu na biyu da mutane basa lura: akwai kolet mai milimita 12 akwai mai rabin inci, rabin inci kuma milimita 12.7 ne, ba ɗaya bane. A kasuwarmu duka biyun suna yawo a haɗe. In ka sa ƙafar baki mai 12 a kolet mai 12.7 zai yi kamar ya kama amma bai kama ba, yana cikin aiki zai dinga zamowa ƙasa ya haƙa maka rami a tebur, ko ya fice gaba ɗaya. Ka tafi da rautarka ko kolet ɗin wajen sayen baki a gwada a gabanka.

Kafintan Agege:
Injiniya Allah ya saka da alheri. Tawa babba ce mai wat 1,850 kuma tana da abin rage gudun, alhamdulillah. Kolet ɗin zan cire in tafi dashi Idumota.

Maman Hanif:
Sannunku da aiki. Ni allunan yanka nama da tire nake yi a Ikorodu ina sayarwa ta Instagram, kuma da irin wannan gadar nake daidaita su saboda allon da aka haɗa da kan katako a tsaye ba'a saka shi a injin filenin, farfasa shi yake. Tawa ta filawud ce ba ƙarfe ba, na goga mata kyandir a inda take zamewa kuma tana tafiya sumul. Abinda zan ce, kar kowa ya yi ta da MDF, allon nan na matsattsen garin katako, a garin nan, damina ɗaya zai sha laima ya kumbura. Filawud mai kauri milimita 18 irin na jirgin ruwa shi ne. Amma nawa aikin ƙanana ne, faɗin inci 38 kam ina ganin ƙarfen mai walda yafi, saboda gada in tayi tsawo nauyin rautar yana sa cikinta ya lotsa a tsakiya, sai ka gama ka tarar da tebur ya yi kwari a tsakiya.

Mai Walda Owode:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Gadar taka zata kai ƙafa 4 da rabi ko 5, dan haka angul ɗin ya zama mai kauri, kuma kar ka kwanta a kan rautar da ƙirjinka kana turawa, tura ta kawai zakayi ba dannawa ba.
Yanzu ga wajen da aikin yake lalacewa ko ya gyaru. Dogayen nan biyu dole su kwanta a shimfiɗa ɗaya. Ko kowanne miƙe yake sambal, in ɗaya ya ɗaga kai ɗayan ya sunkuyar, to murɗewar da ke tsakaninsu ita zaka kwafe ka zuba a kan katakon, kuma bazaka gani ba sai ka gama. Kar ka yarda da daɓen shago, babu daɓen da yake daidai. Ka samo zare mai ƙarfi ka ja daga kusurwa zuwa kusurwar da ke can gefe, ka ja wani ya gicciye shi. Zaren da ke sama ka sa masa guntun irin zaren a ƙarƙashinsa a kowane ƙarshe dan ya tashi da kaurin ɗan uwansa. In sun shafi juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba to ka samu. In akwai rata ko suna danne juna sai ka dinga cusa siraran katako a ƙarƙashin kusurwa har su daidaita. Wasu tiyon ruwa na magina suke amfani dashi su auna kusurwa huɗun, shima yana yi.

Ɗan Obalende:
A ƙara da cewa shi kansa falankin kar ka danne shi da kilam, wato ƙarfen matse katako, ya kwanta dole. Ka barshi yadda yake, ka cika ƙarƙashinsa da weji, wato ƴan guntayen katako masu tsini, har ya daina rawa, sannan ka tokare shi ta gefe. In ka danne shi ka share, kana sakinsa zai koma yadda yake. Kuma murɗewar ka raba ta biyu, in kusurwa ɗaya ta tashi da milimita 12 kar ka bar ta ita kaɗai a sama, ka tallafe ta yadda ita da kishiyarta kowacce zata tashi da 6, kaga naman da zaka cinye ya ragu. Ka zazzana fensir a fuskar gaba ɗaya, ka fara daga inda yafi tudu, cin milimita 1 zuwa 2 a kowane zagaye kar ka zarce, in fensir ya ɓace ko'ina ka gama wannan fuskar sai ka kifa.
Lissafin lokaci kuma ka sani tun yanzu dan kayi wa kwastoma kuɗi daidai. Ƙafa 7 wajen milimita 2,100 ne, baki mai faɗin 50 kana matsawa 30 dan layi ya hau kan layi, kaga turawa kusan 70 kenan a zagaye ɗaya, kuma kowace fuska zata ci zagaye uku ko huɗu. Wuni ne cur, bayan haka ga samfefa tun daga lamba 60 ko 80 dan goge layukan da bakin yake bari, har zuwa 180 ko 220.

Alhaji Mai Katako:
Duk naji bayananku kuma sunyi kyau, amma ba wanda ya tambayi yaron nan abinda ya kamata a fara tambaya. Ɗana yaushe aka tsaga falankin nan? Kuma ina teburin zai zauna?

Kafintan Agege:
Alhaji wanda ya sayar min yace ya bushe, ya kwana biyu a rumfarsa. Teburin kuma Kano za'a kaishi, mutumin anan yake kasuwanci amma sabon gidansa na can, yanaso ya tare kafin ƙarshen shekara.

Alhaji Mai Katako:
To tsaya, kar ka sayi ko bututu ɗaya tukuna. Ni katako nake sayarwa kuma ina gaya maka ya bushe a bakin ɗan kasuwa yana nufin in ka taɓa bayansa hannunka baya jiƙewa. Duk wanda ya bi ta gadar Third Mainland shekarun baya yaga gungumen Oko Baba, wajen masu tsaga katako, a kwance cikin ruwa, daga ruwan ake jawo su a tsaga, kuma ko yanzu da gwamnati ta maida harkar Agbowa yawancin katakon da ke shigowa kasuwa ɗanye ake tsaga shi a sayar. Falanki mai inci 3 ba ya bushewa a wata biyu ko uku. Ƙa'idar da masu busarwa a iska suke bi shekara ɗaya ga kowane inci, a zafin ƙasarmu yana iya fin haka sauri amma ba a daminar Legas ba. Murɗewar da ka gani alama ce yana kan motsi. In ka share shi yau ya kwanta lif, ruwan da ke cikinsa zai ci gaba da fita ya sake murɗewa, kaurin da ka cinye kuma ya tafi kenan.
Sannan Kano. Katakon da ya bushe iyakar bushewarsa a iskar Legas yana riƙe da ruwa wajen kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, saboda laimar garin nan takan haura 80. A Kano lokacin hunturu laima tana sauka ƙasa da 20, katako ya koma kashi 5 ko 6. Kai kuma a daidai watan Disamba zaka kai masa. Iroko yana cikin masu haƙuri, baya motsi kamar wasu, amma a faɗin inci 38 zai iya tsukewa fiye da santimita ɗaya ko da busasshen Legas ne, balle ɗanye. In an ɗaure shi tamau a kan ƙafar ƙarfe babu inda zai ja, sai ya tsage daga kai.

Baba Mai Filen:
Alhaji ka biya ni. Wannan ita ce maganar. Filen ko rauta duk a bayan wannan suke.

Kafintan Agege:
Innalillahi. To Alhaji yanzu ya zanyi, na karɓi rabin kuɗi fa kuma na riga na biya katakon.

Maman Hanif:
Ƙanena kwantar da hankalinka ba asara kayi ba. Ka fara aunawa tukuna. Akwai ƴar na'urar auna danshi mai ƙusa biyu, ina da ita kuma bata da tsada, amma kar ka soka a fatar katakon ka yarda da abinda ta nuna saboda waje yana riga ciki bushewa. Tunda dole zaka datse kan falankin ai, ka yanke kamar inci 2 ko 3 daga ƙarshe ka soka a tsakiyar sabon yankan nan take. In ta nuna 25 ko sama da haka ɗanye ne.

Ɗan Obalende:
Ni a ganina ana tsoratar dashi da yawa. Teburan nan ana yinsu kullum a Legas ana sayarwa, a sa ƙarfe mai siffar kwata biyu ko uku a ƙarƙashi a binne a cikin katakon, a rufe shi da banish sama da ƙasa, shikenan.

Alhaji Mai Katako:
Ana sayarwa, amma kai ake kira in ya tsage? Ƙarfen ƙarƙashi yana taimakon busasshen katako ya zauna, baya hana ɗanye bushewa. Kuma shima sai an yi masa ramin noti dogo ba zagayayye ba dan katakon ya samu wajen ja da saki. Banish kuma rage saurin fitar ruwa yake, baya tsayar dashi. Ko anan Legas ɗin gidan da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana katako yana sauka wajen kashi 10 ko 11, ka tambayi masu kai aiki Ikoyi sau nawa ake dawo musu da ƙorafin tsagewa.

Ɗan Obalende:
Maganar dogon rami na yarda Alhaji. Amma jiran shekara uku ba sana'a bace, wa zai baka aiki ya jira haka? Ko dai a nemi masu ɗakin busarwa a biya su, ko a canza falankin da wanda ya daɗe.

Alhaji Mai Katako:
Wannan kuma magana ce. In ya samu ɗakin busarwa mai ɗaukar inci 3 ya kai, amma a gaya musu su bi a hankali, mai kauri in aka matsa masa zafi ta ciki yake fashewa inda ido baya gani.

Injiniya Ketu:
Kafin a wuce, akwai maganar wuta da ƙura da bana so ta ɓace a cikin muhawarar nan saboda ita ta shafi rai. Aikin nan sai ka kulle makunnin rautar a kunne dan hannu bazai iya riƙe shi wuni guda ba. To in aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, abu na farko ka kashe makunnin ka zare soket. Na ga shagon da aka ɗauke wuta yaro ya bar rautar a kan katako ya fita shan ruwa, aka dawo da wuta ta tashi da kanta ta yi tsalle daga kan gadar, Allah ne ya kiyaye ba kowa kusa. Janareta kuma ƙaramin nan na aibas-mai-nebo ko wat 1,000 bai kai ba, kar ma a gwada, ka nemi mai kVA 3.5 zuwa sama saboda jan da take yi lokacin tashi. Waya mai kauri, gajera. Wanda kuma ya sayi tokumbo ƴar Amurka ya duba jikinta, wutarsu bolt 120 ce tamu 230, sai da taransifoma mai girman da zai ɗauke ta. In kana layin Band A, wato na masu samun wuta mafi yawa, ka saka kuɗin wuta a lissafin aikin, a Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200, rauta mai kusan kilowat 2 in ta yi awa biyar tana ci zata iya shan yunit 8 zuwa 10.
Ƙura kuwa Baba ya faɗa tun farko kuma gaskiyarsa. Wannan aikin yana fitar da gari fiye da duk wani aikin rauta. Garin iroko an san shi da kawo asma da ƙaiƙayin fata, na mansoniya ya fi shi sharri, kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta saka ƙurar katako cikin abubuwan da ke kawo kansar hanci. Ƙyallen da muke ɗaurawa baya tare komai. A sayi takunkumi mai matata, tabarau, da abin toshe kunne, a sa doguwar riga amma hannunta a ɗaure. In akwai hali ayi a waje ƙarƙashin rumfa, kuma a kori yara masu koyo daga gefen da garin ke fita.

Baba Mai Filen:
Allah ya yi maka albarka Injiniya. Abokan aikinmu nawa ne suka koma gida da tari wanda ba'a san kansa ba. Ku yara ku ji wannan.

Bakano a Alaba:
Ni tambaya ce dani, naga wasu suna saka dogon nan mai sandar ƙarfe zagayayya da boris, SBR20 ake ce masa, yafi na angul ɗin ne?

Mai Walda Owode:
Yafi santsi nesa ba kusa ba, da yatsa biyu zaka tura. Amma kuɗinsa ya ninka, kuma iskar garin nan mai gishiri tana sa masa tsatsa in baka shafa mai kana rufewa ba, garin katako kuma yana shiga boris ɗin ya cushe. Sannan shima sai ka ɗora shi a kan abu miƙaƙƙe, in ka ɗaure shi a kan karkataccen benci zai bi bencin. Wanda zai dinga irin teburan nan duk wata ya saya, mai aiki ɗaya ya fara da angul da kyandir.

Kafintan Agege:
Salam ƴan uwa, na dawo da bayani. Hajiya ta aiko min da na'urar ta hannun ɗan acaɓa, Allah ya saka mata. Na datse kan falankin na soka a tsakiya, 27 ta nuna, a fatar waje kuma 18. Na kira mai aikin na karanta masa abinda Alhaji ya rubuta kalma da kalma. Da farko ransa ya ɓaci, amma da na ce masa in yaso in haɗa masa a sati biyu sai dai bazan ɗauki alhakin tsagewa ba, sai yace shi falankin nan yakeso ba wani ba, a bi yadda ya dace ko da bayan sallah ne.

Alhaji Mai Katako:
Madalla. Yanzu ka shafe kai da gindinsa da fenti mai kauri ko narkakken kyandir yau ɗin nan, ta nan ruwa yafi saurin fita kuma ta nan tsagewa ke farawa. Ka ɗaga shi daga ƙasa, ka jera sanduna masu kauri ɗaya a ƙarƙashinsa duk ƙafa ɗaya da rabi, wasu a sama daidai kan na ƙasan, ka ɗora nauyi. Inuwa, inda iska ke ratsawa, rana kar ta taɓa shi. In ka samu ɗakin busarwa ka kai. Kuma shawarata, in ya sauka ƙasa da 20 kayi masa sharar farko sama da ƙasa daidai wa daida, kar ka ci fuska ɗaya ka bar ɗaya, ka bar masa kauri, sannan a ɗora shi a mota ya tafi Kano ya sha hunturu ɗaya a cikin gidan da zai zauna a kan sanduna. Sharar ƙarshe da banish a can za'a yi.

Ɗan Obalende:
Kenan sai ya bi shi Kano da kayan aiki? Kuɗin mota fa Alhaji?

Mai Walda Owode:
Shi yasa nace noti. Bututu biyu da gada ne, a ɗaure su tare da falankin a motar da ke komawa arewa daga Mile 12, rautar kuma ya saka a jaka. Kuɗin motarsa mai tebur ne zai biya, a rubuta a takarda tun yanzu.

Baba Mai Filen:
Ɗana in ka tashi sharar farkon ka sanar dani, zan hau mota daga Idi-Araba in zo in ga abin nan da idona. Zan taho da sandunan hange na, in kun gama da zarenku mu ɗora su mu gani ko sun yarda da juna. Kuma layukan da suka ce bakin yana bari, kafin ka ƙona samfefa ka bari in nuna maka yadda ake kwashe su da ƙarfen kankara, iroko yana son sa.

Kafintan Agege:
Wallahi Baba da na ji daɗi, ni zan zo in ɗauke ka ma. Oga mai walda a fara haɗa min tun yanzu, ina da wasu ƙananan falankan madaci busassu da zan koyi hannu a kansu kafin babban ya shirya.

Mai Walda Owode:
To ka auna min faɗin gindin rautar da tef, milimita nake so ba inci ba, da kuma iya tsawon da bakin yake leƙowa in ka danna ta har ƙasa, dan in san kaurin angul ɗin da bazai cinye maka zurfi ba. Ka turo kafin Asabar, ranar nake shiga kasuwar ƙarfe.